Rimot ɗin mota, sentiral lok da alam: tambayoyin da ake yawan kawo mana gareji

Assalamu alaikum jama'a. Ni aikin wutar mota nake yi anan Garwa, kuma da wuya rana ta fito ta faɗi wani bai tsaya bakin gareji yana ɗaga min makulli yana cewa "patiron, telekomand ɗina ya mutu" ba. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, ko daga Marwa mutum ya fito ko Ngawundare ko direbobin nan masu tsallaka gadar Ngeli daga Kusiri su shiga Njamena, shi yasa na haɗa su waje ɗaya. Wasu suna cewa rimot, wasu telekomand, masu Peugeot kuma su ce pilip, duk abu ɗaya ake nufi.

Wai me ke cikin wannan makullin ne da har yake tsada haka?

Abu uku ne aka cusa a gida ɗaya, kuma in ka gane wannan toh rabin sauran tambayoyin sun warware maka. Na farko ƙarfen makullin, shi ba ruwansa da wuta. Na biyu rimot ɗin, wato ɗan falan lantarkin nan mai maɓallai da batir, aikinsa kawai ya aika saƙon rediyo mota ta kulle ko ta buɗe, alam ya kama ko ya saki. Na uku wani ɗan ƙaramin cip, mu nan pus muke ce masa, shi ne ke gaya wa kwamfutar mota cewa wannan makullin na gida ne a bar inji ya tashi. Pus baya cin batirin rimot, daga zoben da ke zagaye da ramin kontak yake samun wutarsa lokacin da ka murɗa.

Motocin da aka ƙera don kasuwar Turai daga 1998 zuwa sama doka ce ta tilasta a sa musu wannan tsarin, kuma kunsan yawancin okaziyon, wato motocin hannu, da ake saukewa a Duwala daga can suke zuwa, Beljiyam da Jamus da Faransa. Sunan pilip kuwa tun daga Renault Fuego ta 1982 ya samo asali, ita ce aka fara saida wa da rimot, kuma nata da haske yake aiki kamar rimot ɗin talabijin, sai ka saita shi da motar.

Me kowane maɓalli yake yi?

Mai hoton kwaɗo a rufe yana kulle duka ƙofofi lokaci ɗaya, shi ne sentiral lok, in motar na da alam ya ɗana shi. Mai kwaɗo a buɗe yana buɗewa ya kashe alam. A wasu motocin, musamman 'yan Amurka, dannawa ɗaya ƙofar direba kaɗai take buɗewa sai ka ƙara na biyu sauran su biyo, ba lalacewa bane haka aka tsara. Na but yawanci sai ka riƙe shi ɗan lokaci. Jan maɓallin nan kuma da ke wasu makullai na neman agaji ne, ka riƙe shi hon ya kama ihu fitilu na walƙiya, ka danna kowane maɓalli yayi shiru. Yana da amfani in ka manta inda ka faka ranar wasa a filin ƙwallo na Rumde Ajiya ko filin idi.

Na buɗe da rimot, ban shiga ba, sai naji ta sake kulle kanta. Lafiya?

Lafiya lau, babu aljani a ciki. In ka buɗe amma baka taɓa ƙofa ko ɗaya ba, motar tana ɗauka maɓallin ne ya dannu a aljihu, sai ta koma ta kulle, a yawancin Toyota bayan daƙiƙa 30.

Inda matsala take shine in ɗan makunnin da ke jikin ƙofa, wanda ke kunna fitilar cikin mota, ya mutu ko ƙura ta cinye shi. Lokacin ka buɗe ƙofa amma motar bata sani ba, ka ajiye makulli kan kujera ka zagaya ɗauko kaya, iska ta tura ƙofa, sai kaji ƙwas. Wannan yafi faruwa da alam ɗin kasuwa da aka ɗaura daga baya, kuma wajen wankin mota yafi kama mutane. Ni dai ɗabi'ata, makulli baya kwanciya cikin mota ina waje sai gilashi ɗaya na sauke.

Ina danna kulle tana ƙi, sai dai tayi wani dogon ƙara

Akwai abinda bai rufu ba. Zagaya ka duba ƙofofi huɗu da but da kapo, wato murfin inji, sau da yawa bel ne ko gefen babbar riga ya maƙale a ƙofa. In motar mai danna maɓalli a tayar ce, toh ko ɗaya makullin yana ciki, ko baka kashe ta gaba ɗaya ba. In duk sun rufu kuma tana ta yi, koma ka karanta maganar makunnin ƙofa a amsar da ke sama.

Ta yaya zan gane batir ne ya kusa ƙarewa, kuma wanne zan saya?

Alamar farko nisa ne ke raguwa. Da tun daga bakin shago kake buɗewa, yanzu sai ka zo jikin mota, gobe sai ka danna sau uku kana matsa shi kamar mai tatsar lemun tsami, ɗan jan hasken da ke jiki ma ya dushe. Sabbin motoci suna rubuto maka a tabulo, allon nan da ke gaban direba. Rimot na gargajiya yakan kai shekara uku ko fiye, amma na mai danna maɓalli shekara 1 zuwa 2 ne don shi kullum kunnensa a buɗe yake yana sauraron mota, kuma in kana ajiye shi kusa da waya ko caja ko talabijin yana ƙara saurin shanyewa.

Kada ka je kasuwa ka ce a baka "pil ɗin makulli", buɗe ka karanta lambar da ke kan tsohon. Mafi yawa CR2032 ne, akwai CR2025, CR2016, CR1632, CR1620 da CR1616. Lambar ma tana da ma'ana, 2032 faɗinsa milimita 20 kaurinsa 3.2, 2016 faɗi ɗaya ne amma kauri 1.6, rabin wancan kenan. Dukkansu volt 3 ne, shi yasa masu gyaran agogo a bakin kasuwa suke cusa wanda ya samu, siriri ya shiga gidan mai kauri yana rawa, yau yayi aiki gobe ka faɗa rami ɗaya a hanyar Figil ya ɗauke. Rimot ɗin alam na kasuwa kuma da yawansu ɗan dogon batir suke ci mai volt 12, lambarsa 23A ko 27A.

Wajen canzawa, sa kwabo ko siririn turnabis, wato sukudireba, a ɗan tsagin da ke gefe ka murɗa a hankali, ɗauki hoto da waya kafin ka cire don kaga gefen mai alamar + ina yake kallo, kada ka bankare 'yan ƙarafan da ke riƙe shi. Sannan don Allah tsohon batirin kada a yar a tsakar gida. Yaro ƙarami in ya haɗiye shi yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin awa 2, ba a jira aga ko zai fita, asibiti ake nufa nan take.

Batir ya mutu ina kan hanya, babu shago kusa. Ya zan shiga, ya zan tayar?

In makullinka mai ƙarfe ne a waje toh ba wani tashin hankali, buɗe ƙofar direba da hannu. Wataƙila alam ya fashe da kuka don shi da rimot aka ɗana shi, kada ka rikice, shiga ka murɗa kontak, a yawancin motocin da alam ɗinsu na kamfani ne zai yi shiru. Injin zai tashi tunda kamar yadda na faɗa a amsar farko pus baya buƙatar wannan batirin.

Mai danna maɓalli ma akwai ƙarfe ɓoye a cikinsa, nemi ɗan sakatan da ke gefe ko baya ka zaro shi. In baka ga ramin makulli a hannun ƙofa ba, yana ƙarƙashin wata 'yar murfin roba da ake ɓamɓarewa ta ƙasa. Ka shiga, taka birki, manna rimot ɗin jikin maɓallin tayarwa sannan ka danna, wasu motocin kuma rami ne suke da shi da ake zura rimot ɗin. Abinda zan roƙe ka, gwada wannan ƙarfen yau a gida. Na sha ganin ramin makullin da shekara biyar ba a taɓa sa masa ƙarfe ba, ƙurar hunturu da tsatsa sun toshe shi, sai ranar da ake tsakiyar Waza da magariba a tarar baya juyawa.

Na sa sabon batir amma har yanzu shiru

Fara da mai sauƙi, an juya batirin ne ko kuwa sabon ma matacce ne, don pil ɗin da ya shekara a rana kan tebur sunan sabo kawai gare shi. A auna shi, ya kamata ya nuna volt 3 da ɗan ɗori. Bayan nan a duba ƙananan maɓallan da ke kan falan, dalmarsu tana sakewa saboda matsa su da ake yi da ƙarfi, mai gyaran waya ma zai iya mayar da ita.

Wani lokacin kuma lissafinsu ne ya rabu. Duk dannawa ɗaya rimot sabuwar lamba yake aikawa, motar tana bin sahu, in yara sun samu makulli sun yi ta dannawa ɗaruruwa nesa da mota sai ya tsere mata. A irin su Peugeot 206 da 307 murɗa kontak ka riƙe maɓallin kulle na 'yan daƙiƙoƙi, ka kashe ka zare ka gwada. In kuwa siginal na walƙiya amma ƙofofi basa motsi, laifin ba na rimot bane, a duba fiyus da wayoyin da ke bi ta robar nan tsakanin ƙofar direba da jikin mota, nan suke karyewa. In ƙofa ɗaya ce kawai ke ƙi, ɗan injin lantarkin da ke jan sakata a cikinta ne ya gaji.

A gida yana aiki, amma akwai wani waje da kullum sai ya ƙi

Wani abu ne a wajen ke danne masa murya, kusa da dogayen eriyoyin rediyo, filin jirgi, barikin soja da makamantansu. Har cajar waya mai araha da aka bari a soket ɗin mota tana iya yin haka. Matso jikin gilashi ka danna, ko ka kulle da ƙarfe. Amma in wajen da ka saba fakawa ne kuma yau kawai ya ƙi, karanta ta gaba.

Da gaske ne ɓarayi na iya buɗe mota ba tare da sun fasa komai ba?

Da gaske ne, kuma hanya mafi sauƙi ma ba buɗewa suke yi ba, hana ta kullewa suke yi. Mutum na zaune kan moto kusa da banki ko kasuwa da wata 'yar na'ura a aljihu, ka fito kana waya ka danna rimot ta bayan kafaɗa ka wuce, saƙon bai isa ba, motar a buɗe ka barta. Ka dawo babu jaka, gilashi lafiya, sai a fara zargin yaron shago. Maganin bashi da tsada, tsaya kaga walƙiyar siginal, kaji ƙarar sakata, sannan ka ja hannun ƙofa. Mai motar da ke buɗewa da taɓa hannu ya leƙa sakatan ta gilashi ko madubin da ke naɗewa, don shi in ya ja buɗewa zata yi.

Ɗaya hanyar ta shafi masu danna maɓalli kaɗai. Mutum biyu ne, ɗaya kusa da bangon ɗakin da makulli yake, ɗaya jikin mota, na'urarsu ta miƙa saƙon, motar ta zaci kana tsaye gefenta. Kada ka rataye makulli a zaure ko jikin taga, sa shi cikin gwangwanin madara mai murfin ƙarfe, sannan ka gwada, je da gwangwanin jikin mota kaga ko zata buɗe. Sabbin makullan Toyota kuma ana sa su barci, riƙe maɓallin kulle ka danna na buɗewa sau biyu, hasken yayi ƙyafta huɗu.

Alam yana tashi cikin dare ba wanda ya taɓa motar, maƙwabta sun fara magana

Su ma sun yi haƙuri. Wanda na fi kamawa da laifi makunnin kapo ne, ya sassauta ko ya cika da ƙasa, motar na ganin kamar ana buɗe kapo. Na biyu babban batirin mota da ya raunana ko kawunansa suka yi farin gari, wuta na sauka cikin dare alam ya ɗauka ana yanke masa waya. Na uku, in alam ɗin kasuwa ne, mai jin girgiza an ƙure shi, tirela ta wuce ko a yi tsawa ko akuya ta goga jiki ya kama kuka. Akwai ɗan sukuru a jikinsa da ake ragewa. Motocin da ke da masu jin motsi a ciki kuma, gilashi da aka bari a ɗan buɗe saboda zafi ya isa, iska ko ƙwaro ya shiga.

Abinda ba zan baka shawara ba shine a yanke wayar jiniya a huta. Alam ɗin yana nan yana tashi, kai ne dai baka ji, yana ta kunna fitilu har safe ka tarar batir ya kwanta.

Motata tsohuwa ce ba rimot, in sa mata na kasuwa?

Ana sawa kuma yana aiki, har Carina da Starlet mun sa wa. Amma aikin yafi kayan muhimmanci. A haɗa waya da dalma a rufe da kyau, a sa fiyus, kada a murɗe da hannu a naɗe da leda, musamman in za a haɗa da mai yanke inji, don wannan haɗin in ya saki kana gudu motar mutuwa zata yi a tsakiyar titi. Kafin ka biya ka ce a nuna maka akwatin inda aka ɓoye shi da ɗan maɓallin sirri na kashe alam in rimot ya ɓace, kuma a baka rimot biyu. In motar tana kwana biyu ba a tayar ba, ka sani alam yana tsotsar batir kaɗan kaɗan.

Zan iya barin iyali cikin mota in kulle da rimot in shiga kasuwa?

A'a Alhaji. Motocin Turai da yawa suna da kulle mai zurfi wanda in ya kama ko daga ciki hannun ƙofa baya buɗewa. A Peugeot da Ford sai ka danna sau biyu yake shiga, a Volkswagen kuwa dannawa ɗaya ma ya shiga, na biyun ne ke cire shi, kaga mutum zai iya yi bai sani ba. Haɗa wannan da ranar watan Afirilu a Marwa ko Njamena da zafi ke haura 40 a inuwa, cikin mota kuma ya zama tanda, gilashi baya sauka tunda kontak a kashe yake. In babba zai zauna bar masa makulli ya kulle da maɓallin ciki. Yaro kuwa a fita da shi.

Ya faɗa ruwa, ko an wanke shi cikin aljihun riga

Kada ka danna komai don gwadawa. Buɗe, cire batir nan take, goge falan da alkol na kemis da tsohon burushin haƙori, bar shi a inuwa mai iska kwana ɗaya ko biyu, sa sabon batir. Ruwan omo yafi ruwan sama ɓarna, in an bar shi sai kaga kore kore ya fito. Ko rimot ya mutu, sau da yawa motar zata tashi in makullin mai ƙarfe ne.

Gidan makullin ya fashe, in na sayi sabon koki ya isa?

Ya isa, kuma ba a buƙatar kwamfuta, falanka ne zaka mayar cikin sabon gida. Sai dai a kula da pus. Kwanaki wata Hajiya aka jawo mata Corolla da igiya har gareji, ta ce da safe lafiya ta fito, wani yaro a kasuwa ya canza mata koki, rimot na buɗewa na kullewa, sitata na juyawa amma inji ya ƙi kamawa, har an ce mata famfon mai ne. Na leƙa tabulo naga ɗan jan hasken tsaro na ta ƙyaftawa da makulli a ciki. Nace Hajiya ina tsohon kokin? Ta zazzage jaka kan kapo, turare da katin waya da goro, sai gashi naɗe a tishu, Allah yasa bata yar ba. A lungunsa ga ɗan baƙin abu bai kai ƙwayar wake ba manne da gam. Muka ɓamɓaro shi da allura muka sa a sabon, murɗawa ɗaya ta tashi. A wasu makullan pus ɗin yana kan falan ne, amma duba tsohon gida da kyau kafin ka rabu da shi.

Makulli ɗaya aka bani da motar. In yi na biyu, kuma in ya ɓace fa?

Yi shi tun na farkon yana hannunka, ba a fafe gora ranar tafiya. Da makulli mai aiki abu ne na ɗan lokaci, a yanka ƙarfe, a jona na'ura a soket ɗin OBD da ke ƙarƙashin sitiyari a gabatar wa motar da sabon. In duka sun ɓace kuwa kuɗin yana ninkawa, wasu motocin sai an ciro akwatin kwamfutar mota an karanta shi, wasu sai an yi oda da lambar shasi, motar na zaune makonni. Tafi da kat giris, wato takardar mota, da katin shaidarka, mai aikin kirki zai tambaya. In sace makullin akayi, ka ce a goge shi daga ƙwaƙwalwar motar, amma ka tuna ƙarfensa har yanzu yana buɗe ƙofa.

Wajen sayen rimot kuma kama da ido bata isa ba. Motocin Turai a kan 433 MHz suke, na Amurka a kan 315, don haka rimot ɗin Camry 'yar Amurka da ɗan'uwanka ya aiko maka daga Yola ko Mubi ba zai yi magana da Avensis da ta sauka Duwala ba ko da hotonsu ɗaya. Duba lambobin da ke bayan naka ko cikinsa. Na hannu da aka ciro daga wata motar ma wasu a kulle suke da motarsu ta farko, a tabbatar kafin ka bada kuɗi.

Ance in makulli na gida, a kira waya a danna rimot kusa da ita motar zata buɗe?

Ƙarya ce, mun gwada a gareji yara suna dariya. Waya murya take ɗauka, rimot kuma ba sauti yake fitarwa ba. Motocin da ake buɗewa da waya manhajar kamfani suke amfani da ita ta intanet, wannan daban ne. Wanda yake gaskiya shine na manna rimot a haɓa, yana ƙara nisa da 'yan taku don jikinka ya zame masa eriya, amma in har sai kayi haka kullum kafin ta buɗe toh koma tambayar batir.